LASISIN AIKIN JIN DAƊIN JAMA'A: KADA MOTA TA SAKE BARIN MU A TASHA

(Jawabin da aka gabatar a babban taron shekara-shekara na ƙungiyarmu ta 'yan asalin Sabon Birni da Isa mazauna birane)



Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya ara mana rai da lafiya har muka sake ganin zagayowar wannan rana. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Mai girma shugaban taro, masu girma wakilan iyayenmu sarakunan Gobir, malamanmu masu daraja, shugabannin wannan ƙungiya mai albarka, iyayenmu mata, 'ya'yanmu ɗalibai, da sauran 'yan'uwa da suka taso daga Sakkwato da Gusau da Kaduna da Kano da Abuja da Legas, muna yi muku barka da zuwa, tare da fatan kowa ya baro iyali lafiya.

GABATARWA

Sa'ad da kwamitin shirye-shirye ya aiko mana da cewa mu yi magana a kan dokar rajista da lasisin ma'aikatan jin daɗin jama'a, mun so mu kawo hanzari, domin mu alli da allo muka sani, a cikin aji muka ƙare ƙuruciyarmu har muka ajiye aiki. Amma da muka zauna muka duba lamarin da idon basira, sai muka ga ashe maganar tsohuwar abokiyar zamanmu ce, don kuwa abin da ya tunkaro masu wannan aiki a yau ya riga ya faɗa wa malaman makaranta shekaru da dama da suka wuce. Hausawa na cewa, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mu namu gemun ya riga ya sha wuta, saboda haka muna ganin muna da abin faɗa.

Abu ɗaya muke so mu bar wa wannan taro. Kula da marayu da zawarawa da 'yan gudun hijira ya zama aikin da doka ta san da shi, mai buƙatar karatu da takardar shaida, kuma babu inda ake buƙatarsa a Jihar Sakkwato kamar ƙasarmu. Idan ba mu tura 'ya'yanmu sun koyo shi ba, za mu wayi gari raunin namu ne, amma masu izinin taɓa shi baƙi ne.

WANE NE MA'AIKACIN JIN DAƊIN JAMA'A?

Da yawanmu idan aka ambaci wannan ma'aikaci, abin da ke zuwa mana a zuciya shi ne wani ɗan ofis a sakatariyar ƙaramar hukuma, inda ake kai ƙarar miji da ya ƙi ciyar da 'ya'yansa, ko kuma a kai jaririn da aka tsinta. Wannan ɓangare ne kawai na aikin. Ma'aikacin jin daɗin jama'a shi ne wanda aka horar domin ya zauna da mutumin da duniya ta juya wa baya, ya saurare shi, ya gano ainihin damuwarsa, ya rubuta, sa'annan ya haɗa shi da inda za a share masa hawaye, ko asibiti ne, ko makaranta, ko kotu, ko hukumar zakka da waƙafi. Bayan haka ya ci gaba da bibiya har ya tabbatar mutumin ya tsaya da ƙafafunsa. Ana samun irinsa a asibitoci da gidajen marayu da gidajen gyaran hali da kotunan yara da sansanonin 'yan gudun hijira.

Aikin a tsarinsa na gwamnati ya faro ne daga Legas a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, inda aka yi dokar yara da matasa a 1943. Irin wannan doka ba ta iso Jihar Arewa ba sai a 1958. A 1974 gwamnatin soja ta yi dokar raya jin daɗin jama'a, a 1975 masu wannan aiki suka kafa ƙungiyarsu ta ƙasa, Jami'ar Nsukka kuma ta fara koyar da fannin a 1976. Duk wanda ya dubi wannan jeri zai lura cewa tun fil azal kudancin ƙasar nan ne ke gaba a wannan fage, mu muna biye daga nesa.

ABIN DA DOKAR 2022 TA KAWO

Duk da wannan dogon tarihi, Nijeriya ta daɗe ba ta da hukumar da ke tantance wane ne ma'aikacin jin daɗin jama'a. Likita yana da hukumarsa, haka ma'aikaciyar jinya da lauya da injiniya, amma kowa na iya ɗinka riga mai tambari ya ce shi mai taimakon marayu ne, babu mai tambayarsa inda ya koyo. Majalisar Tarayya ta zartar da ƙudurin gyara wannan, amma a farkon 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙi sa masa hannu. Dalilin da ya bayar abin lura ne ƙwarai a gare mu. Ya ce ƙudurin bai fayyace iyakar aikin da yake son hana waɗanda ba su da rajista yi ba. Aka koma aka sake aiki a kai, sai a watan Disamba 2022 ya sa hannu, aka sami dokar kafa hukumar kula da aikin jin daɗin jama'a ta ƙasa.

Nauyin da ke kan irin wannan hukuma a taƙaice uku ne. Na farko, ta ƙayyade irin ilimi da ƙwarewar da mutum zai mallaka kafin a kira shi da wannan suna. Na biyu, ta ajiye littafin rajista na waɗanda suka cancanta. Na uku, ta sa ido a kan ɗa'ar aiki, ta ladabtar da wanda ya ci amana. Ba mu muka fara ba. Afirka ta Kudu tana da irin wannan doka tun 1978, a Ingila kuwa tun 2005 laifi ne mutum ya kira kansa da wannan suna alhali ba ya cikin rajista.

DARASI DAGA AIKIN MALANTA

Ku ba mu dama mu ɗan koma aji. Yawancin sa'o'inmu mun shiga kwalejin horon malamai ne a guguwar shirin ilimin firamare kyauta na 1976, muka fito da takardar malanta mai daraja ta biyu. A wancan zamani wannan takarda abin alfahari ce. Mai ita shi ne malam a makaranta, shi ne mai karanta wa gari wasiƙa, shi ne ake nema ranar ƙidaya da ranar zaɓe. A 1993 aka yi dokar kafa hukumar rajistar malamai ta ƙasa, manufar ilimi kuma ta tsayar da takardar NCE a matsayin mafi ƙarancin abin da malami zai riƙe. Da muka ji labari, da yawanmu muka ce ai maganar Legas ce da Abuja, kafin ta haye gulbin Rima mun yi ritaya.

Waɗanda suka farga da wuri suka nufi Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari a Sakkwato, wasu suka bi karatun ƙarshen mako na Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna. Waɗanda suka yi sake kuwa, mun ga yadda ta ƙare da su. Muna da abokin aiki, Allah ya jiƙansa, wanda ba mu taɓa ganin mai iya koya wa ɗan aji ɗaya karatu kamarsa ba. Yaron da ya shiga hannunsa, kafin damina ta zagayo yana haɗa baƙi. Amma ya tsaya a mataki ɗaya shekara da shekaru, har ɗaliban da ya koya wa riƙon fensir suka dawo suka zama shugabanninsa, saboda takarda kawai. A 2017 hukumar ta fara jarrabawar cancanta, kuma a yau malamin da ba shi da rajista ya san matsayinsa.

Abubuwa biyu muka koya. Dokar takarda tana tafiyar hawainiya, amma tana isowa. Sa'annan idan ta iso, ba ta tambayar wa ya fi iyawa, sai dai wa ke riƙe da shaida.

ME YA SA MAGANAR TA SHAFE MU?

Babu wanda ke zaune a wannan zaure da zai buƙaci a ba shi labarin halin da gida ke ciki, amma wajibi ne mu ambata domin tarihi. A ƙarshen watan Mayu 2020, 'yan bindiga sun kashe mutum fiye da 70 a ƙauyukan Garki da Ɗan Aduwa da Kuzari da Katuma da Masawa. A watan Disamba 2021 an ƙone matafiya fiye da 20 a cikin mota kusa da Gidan Bawa. A watan Agusta 2024 muka rasa Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a hannun waɗanda suka sace shi. Allah ya jiƙansu baki ɗaya, ya karɓi shahadarsu. Tun daga 2019 dubun-dubatar mutane daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsallaka iyaka zuwa Jihar Maraɗi, aka tsugunar da wasu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori, wasu kuma suka raɓe a gidajen dangi a ƙasar Gidan Runji.

Gobirawa sun san ƙaura tun ba yau ba. Bayan faɗuwar Alkalawa a 1808 da yaƙin Gawakuke a 1836, kakanninmu sun watsu, wasu suka kafa Tsibiri, daga baya aka kafa Sabon Birni. Abin da ya riƙe su a wancan lokaci zumunci ne, kuma shi ke riƙe da mu har gobe. Sai dai zumunci yana aiki ne idan wani na kuka wani na da hannun lallashi. Yau gari guda ne ke kuka a lokaci ɗaya. Kawun da zai ɗauki maraya shi ma ya sayar da gona da shanu ya biya kuɗin fansa.

Bayan an binne mamata, an karɓi gaisuwa, akwai abin da ke saura wanda buhun gero ba ya warkarwa. Mun ziyarci wata makaranta da muka taɓa shugabanta, malamin aji ya nuna mana yaro ɗan shekara kamar 8 wanda da ya ji ƙarar babur sai ya shige ƙarƙashin benci yana makyarkyata. Malamin ya ce ya yi faɗa, ya yi lallashi, har ya kai ga bulala, abin ya ci tura. Muka ce masa ya ajiye bulala. Amma da ya tambaye mu to me zai yi, mu ma da shekarunmu 35 a aji ba mu da cikakkiyar amsa, domin ba a koya mana wannan a kwaleji ba. Akwai matan da suka dawo daga daji da abin da ba su iya faɗa wa ko mahaifiyarsu, wasu da juna biyu, miji na kallon ƙasa, dangi na raɗa. Akwai samarin da baƙin ciki ya tura ga ƙwaya. Waɗannan su ne aikin ma'aikacin jin daɗin jama'a, kuma aiki ne da ake koyo kamar yadda ake koyon ɗori.

Bugu da ƙari, a watan Nuwamba 2021 Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya sa hannu a kan dokar kare yara ta Jihar Sakkwato. Doka irin wannan ba ta tafiya da ƙafarta. Sai an sami wanda zai je gida ya binciki halin da yaro ke ciki, ya rubuta rahoton da alƙali zai dogara da shi. Wa zai rubuta rahoton yaron Gangara ko Tsamaye ko Turba ko Gebe? Ma'aikacin da aka turo daga nesa, da wuya ya yarda ya bi hanyar Isa zuwa Sabon Birni, ko da ya zo kuma, matar da ta saba da harshen gida ba za ta buɗe masa cikinta ta bakin tafinta ba. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, in ji masu iya magana, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

AMFANIN LASISI GA MAI RAUNI

Wani zai ce, taimako ma sai da lasisi? Amsa ita ce, mai rauni ne ya fi kowa buƙatar a tantance wanda zai shiga ɗakinsa. Mun shaida da idonmu wasu mutane da suka zo da mota da riguna masu rubutu, suka tara matan da suka yi hijira a harabar wata makaranta, suka ɗauki sunayensu da hotunan 'ya'yansu, suka karɓi kuɗin fom daga hannun waɗanda ba su da abin kalaci, suka tafi. Har yau ko ƙurarsu ba a sake gani ba, kuma babu inda za a kai ƙara, domin babu littafin da sunansu ke ciki.

Haka nan ba mu manta da abin da ya faru a watan Satumba 2019 ba, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa, sa'annan aka gano irinsa a Daura a watan da ya biyo. Iyayen da suka kai 'ya'yansu can gyara suke nema, ba su sami ƙwararren da za su je wurinsa ba. Mai lasisi yana da abin da yake tsoron rasawa. An koya masa riƙe sirri, an hana shi tallar hoton maraya domin neman kuɗi, idan kuma ya saɓa, akwai inda za a kai kuka a soke sunansa.

INDA MUKE DA FARGABA

Da yake gaskiya ɗaya ce, dole mu faɗi ɗaya gefen. Takarda ba ta sa tausayi a zuciyar da babu shi. Waɗanda ke ɗauke da wannan nauyi a garuruwanmu a yau su ne limamai da masu unguwanni da ungozomomi da 'yan agajin ƙungiyoyin addini da malaman makaranta da wasu dattijan mata da gidajensu suka zama masauki. Ba su da difloma, amma su ne suka tsaya ranar da kowa ya gudu. Ba mu fahimci cewa akwai dokar da za ta hana Musulmi riƙon maraya ko sulhunta ma'aurata ba, kuma hanzarin da shugaban ƙasa ya kawo a 2018 ya nuna cewa tun farko an lura da wannan haɗari. Fargabarmu ita ce ranar da gwamnati ko ƙungiyoyin agaji za su ɗauki ma'aikata da albashi, sai a ce sai mai rajista, waɗannan bayin Allah su koma 'yan rakiya, kamar yadda aka yi wa abokin aikinmu.

Akwai mafita da wasu suka gwada. A Afirka ta Kudu, hukumarsu tana yi wa mataimakan ma'aikatan jin daɗin jama'a rajista ta daban, bayan horo mai gajeren zango, suna aiki a ƙarƙashin kulawar ƙwararre. Mu ma a fannin lafiya muna da misali a gida, wato jami'an lafiya na karkara, waɗanda ba likitoci ba ne amma suna da makarantunsu da lasisinsu, kuma su ne ke riƙe da ɗakunan shan magani na ƙauyukanmu. Abin da ya yiwu a can zai yiwu a nan, idan an sami masu faɗa a inda ake ji.

SHAWARWARI

Domin kada jawabi ya tashi a tafi kawai, muna gabatar wa uwar ƙungiya waɗannan shawarwari guda 5:

1. A keɓe gurabe 4 a cikin tallafin karatu na kowace shekara domin wannan fanni, 2 daga Isa, 2 daga Sabon Birni, kuma rabi su kasance mata. Duk wanda ya amfana ya sa hannu cewa zai yi wa gida aiki na aƙalla shekara 2.

2. Kwamitin ilimi ya je da ƙafarsa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Jami'ar Jihar Sakkwato da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi da takwararta ta Kaduna, ya tantance wane kwas ne ke kai ɗalibi ga rajista kafin a biya ko kwabo. A lura cewa nazarin halayyar zaman jama'a daban yake da aikin jin daɗin jama'a, domin na biyun yana da zangon gwaji a fili, kamar yadda muka yi koyarwar gwaji kafin a ba mu aji.

3. A tattara sunayen 'ya'yanmu da ke aiki yanzu a sassan jin daɗin jama'a na ƙananan hukumomin biyu da asibitoci da ƙungiyoyin agaji, a ga takardar da kowa ke riƙe da ita, a taimaka wa mai buƙatar ƙarin karatu tun ƙofa na buɗe.

4. Lauyoyinmu su samo kwafin dokar 2022, su fassara muhimman sassanta da Hausa, a buga a mujallar baɗi. Sa'annan ƙungiya ta rubuta wa wakilanmu na majalisun jiha da tarayya, ta nemi a samar da matakin mataimaka domin waɗanda suka daɗe suna aikin sa kai.

5. A roƙi iyayenmu sarakuna su umarci masu unguwanni cewa duk baƙon da ya zo da sunan agaji, a tambaye shi takardar shaidarsa da ta ƙungiyar da ta turo shi kafin a tara masa mata da yara.

KAMMALAWA

'Yan'uwa mazauna birni, mun san irin ƙoƙarin da kuke yi. Kun aika da hatsi da tufafi, kun haɗa kuɗin fansa, gidajenku sun cika da dangin da suka gudo. Allah ya saka muku da alheri. Amma buhun da aka aika bara ya ƙare tun kafin kaka, yarinyar da aka tura karatu bana kuwa za ta yi wa Gobir aiki shekara 30 in Allah ya ba ta rai. Da yardar Allah wannan fitina za ta wuce kamar yadda waɗanda suka gabace ta suka wuce. Ranar da bindiga ta yi shiru, ranar ce aikin jinyar zukata zai fara gadan-gadan, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Muna roƙon Allah ya jiƙan magabatanmu, ya kuɓutar da waɗanda ke hannu, ya mayar da 'yan gudun hijira gidajensu, ya zaunar da ƙasar Gobir da Jihar Sakkwato da Nijeriya lafiya. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren da ke ciki namu ne, a gafarce mu. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya.